Zagayen Dutsen da Na Kai Mamanka

Greensboro, Amurka, safiyar Lahadi

Zuwa ga ɗana Mukhtar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa albarka a aurenka da Safiya, Ya tashe ku daga gidan nan a sa'a, Ya sauke ku a sabon garinku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na abin hawa, amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ɗakinka yana kallon nawa, kuma sai jibi za ku tashi. Na gwada yi maka maganar nan baki da baki jiya muna loda kwalaye a mota, sai na ɓige da tambayarka ko ka duba iskar taya. Na kuma san karatun Hausa yana ba ka wuya. Ka daure ka bi ta sannu a hankali ko da za ka yi ta tuntuɓe, domin abin da zan gaya maka ba zai fito mini da Turanci ba. Kada kuma ka miƙa wa Safiya ta karanta maka, wannan taka ce.

Ranar Juma'a da aka gama walima baƙi suka watse, kana zaune a teburin cin abinci kana nuna wa ƙannenka taswira a waya. Ka ce kafin ku isa sabon garinku a jihar Tennessee za ku tsaya a babban gandun dajin nan na ƙasa da ke kan tsaunuka, kuma akwai wata hanyar ƙafa mai zagaye da za ku bi: a hau ta gefe guda, a bi ta saman tsauni, a sauko ta ɗaya gefen har a dawo inda aka ajiye mota. Tafiyar wuni guda ce cur. Na leƙa ta kafaɗarka na ga sunan hanyar, nan take na gane ta. Na ce, "Safiya ta taɓa hawan dutse kuwa?" Ka yi dariya ka ce ai ka tambaye ta, ta ce ba komai. Ita kuma tana tsaye a bakin kicin, kai a sunkuye, ta ce, "Ba komai, Baba, zan iya." Mamanka tana wanke tukunya a lokacin. Ba ta juyo ba, amma na ji ta rufe famfo.

Ni da Mamanka mun bi wannan hanyar, kusan shekara talatin ke nan, kafin a haife ka. Ba mu taɓa gaya muku ba. Yau zan gaya maka, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A lokacin muna haya a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood, ina ɗalibi, ita kuma ba ta cika shekara da zuwa daga Kano ba. Ba mu da mota. Ni ina makaranta daga safe har yamma, ita tana gida ita kaɗai tana kallon titi ta taga, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Tana da ciki, ya shiga wata na biyar, ko da yake bai fito sosai ba. Likita ta ce mata tattaki yana da amfani. Ni kuma wani abokin karatuna ya nuna mini hotunan da ya ɗauka a saman tsaunin nan lokacin kaka, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa. Sai na haɗa maganar likita da hotunan nan na ce ai shi ke nan, ga tattaki ga shan iska.

Na je wajen Alhaji Issaka aron mota. Ka san shi, shi ne tsohon nan mutumin Kumasi da ya riƙe hannunka ranar ɗaurin aure ya ƙi saki. Lokacin yana tuƙin tasi a cikin gari. Da na gaya masa inda za mu, ya dube ni ya ce, da Hausarsu ta zango da ba ta raba mace da namiji, "Malam, dutse za ka kai matanka? Shi ya ce yana so?" Na ce, "Alhaji, ni fa Bakano ne. Tun ina firamare nake hawan Dala da Goron Dutse da silifas." Ya miƙo mini makulli, ya ce, "To, Allah kiyaye hanya." Ban amsa tambayarsa ba, kuma ni ma ban koma gida na yi wa Mamanka ita ba. Abin da na ce mata shi ne, "Shirya, ranar Asabar za mu fita." Ta ce to.

Dala, Mukhtar, kafin shayi ya huce ka hau ka sauko. Da shi na auna tsaunin da ake wuni a kansa. Kai ma kana da naka Dalan: ka saba hawa tun kana sakandare, kana da takalman hawa masu tsada, kana zuwa motsa jiki kullum. Ita Safiya a Katsina ta girma, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, kuma tun da ta zo karatu tafiyarta ba ta wuce daga ɗaki zuwa aji ba. Idan mutum biyu za su yi tafiya, da ƙafar wanda ya fi rauni ake auna ta. Ka zauna da ita ka gaya mata tsawon hanyar yadda yake, da irin hawan, da cewa babu sabis na waya a can, babu wurin kama ruwa sai daji. Bayan ta ji duka sannan ka tambaye ta.

Ba mu isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi, don na tsaya shan shayi a hanya kamar mai zuwa biki. A bakin hanyar akwai allon katako da aka rubuta cewa hawa ne mai tsanani, a tafi da ruwa isasshe, a fara da wuri. Na karanta tsaf. Mamanka ta ce, "Da nisa ne?" Na ce, "Haba, ina nisa." Guzurinmu gorar ruwa ɗaya ce babba, da filas na shayi, da dabino, da ɗan dambun naman da ta taho da shi daga gida take ta tattalinsa. Tana sanye da zani da hijabi da takalmin kambas da ya ɗan yi mata yawa.

Muka kama hanya, ni a gaba, ita a baya. Ban yi shawarar haka ba, ƙafata ce ta yi da kanta. Haka na ga mahaifina yana yi in za su unguwa da Inna, haka na ga kowane magidanci yana yi, miji a gaba, mata tana biye. A lungun Kano wannan ba ya cutar da kowa. A kan dutse kuwa ma'anarsa ita ce ni nake yanka saurin tafiya, ita ke biyan kuɗinsa da numfashinta, kuma ba na ganin fuskarta. In na yi nisa sai in tsaya in jira ta, ina hutawa ina kallon itatuwa. Tana isowa sai in ce, "Yauwa, mu je." Ka ga ni na huta ke nan, ita ko tsayawa ba ta yi ba.

Ina tambayarta fa, kada ka ce ban tambaya ba. Lokaci lokaci nakan waiwaya in ɗaga murya in ce, "Ina gajiya?" Ta ce, "Ba gajiya." Na ji daɗi in ci gaba. To, kai da aka haifa a nan, in mutum ya ce maka bai gaji ba kana ɗauka bai gaji ba ne, kuma ba laifinka ba ne, haka mutanen nan suke magana. Amma ni na sani. Na san a wurinmu ko mutum ya wuni yana faskare, in aka ce ina gajiya, ba gajiya zai ce. Gaisuwa ce, ba rahoto ba ne. Na san kuma amaryar da ba ta shekara ba, a ƙasar da ba ta da kowa sai ni, ba za ta buɗe baki ta ce wa mijinta ta kasa ba. Na karɓi amsar ne don ita nake son ji.

Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni tun ranar Juma'a. Safiya tana da digiri, tana tuƙa mota, tana gardama da kai a kan siyasa, duk na gani kuma na yi murna. Amma da ta ce "Ba komai, Baba," muryar Mamanka na ji. Tarbiyyar gida ba ta fita daga mutum don ya hau jirgi. Saboda haka ka sa ta a gaba, kai ka bi bayanta, ta yanka muku sauri. In kun tsaya ka dubi fuskarta da leɓɓanta da yadda take sauke ƙafa, ai labarin zuciya a tambayi fuska. Kuma kada ka ce mata, "Kin gaji?" don ka san amsar da za ka samu. Ka ce, "Ni na gaji, mu ɗan zauna." Ka ɗauke mata nauyin faɗa. Ba ƙarya za ka yi ba, in ka saurari jikinka da gaske za ka tarar da gajiyar tana nan.

Azahar ta same mu a sama, nesa da rafin da muka wuce da safe. Ban ɗebi ruwa a can ba. Na ɗauki gorar shanmu na yi alwala cikakkiya, komai sau uku, kuma Mamanka ce ta riƙa zuba mini da hannunta. Da na gama na ce ita ma ta yi, sai ta girgiza kai, ta rufe gorar, ta dafa dutse ta yi taimama. Na gani, Mukhtar. Na ga abin da ta yi kuma na gane dalili, amma na tayar da salla ban ce komai ba. Addininmu bai ɗora mini wannan ba. Mai tsoron ƙishirwa ga kansa ko ga abokin tafiyarsa an yarje masa taimama, na karanta haka tun ina yaro a zaure. Ni dai ina son in ji na yi abu cikakke ne. Ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, ko da jaka za ta yi nauyi, kuma kai ne za ka ɗauki nauyin. In ruwa ya yi ƙaranci, na sha ne.

Bayan salla kaɗan muka iso wata mararraba. Hanya ɗaya ta ci gaba da hawa zuwa ƙololuwa da sauran zagayen, ɗaya ta gangara hagu. Wata tsohuwar Baturiya tana zaune a wurin da sanduna biyu a gefenta. Ta dubi Mamanka da kyau, ta tambaye ta da Turanci ko lafiya. Kafin Mamanka ta buɗe baki na ce lafiyarta lau. Matar ta ce mini hanyar hagun nan gajeriya ce, tana fita bakin titi, kuma daga nan gaba babu wata mafita sai an gama zagayen. Na yi mata godiya da murmushi. Da muka ɗan wuce Mamanka ta ce, "Malam, me ta ce?" Na ce, "Gaisuwa ce kawai."

Na daɗe ina juya wannan a raina, ina neman wani dalili mai ɗan mutunci, ban samu ba. Ina son in koma makaranta ranar Litinin in ce na yi zagayen gaba ɗaya, ni da matata. Ina jin kunyar mayar wa Alhaji Issaka mota in ce mun juyo daga rabi. Iyakar abin ke nan. Ƙololuwar kuma tana gabana kamar in miƙa hannu in taɓa, na manta hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sau da yawa muka hau tudu ina cewa mun iso, sai wani ya bayyana a bayansa. Da muka kai saman na gaske gajimare ya rufe ko'ina, ba mu ga komai ba sai fari.

Hanya mai zagaye tana da wata yaudara da hanyar je-ka-dawo ba ta da ita. In ka kai rabi, komawa da ci gaba duk tsawonsu ɗaya ne, zaɓi ya ƙare. Don haka shawarar juyawa tun kafin rabi ake yin ta, lokacin da jiki bai fara kuka sosai ba kuma zuciya tana cewa ai za mu iya. Ku yanke tun kuna cikin mota cewa in lokaci kaza ya yi ba ku kai mararrabar nan ba, ko ɗayanku ya fara ja da baya, hagu za ku bi, ba gardama. Yanzu kaka ce, rana tana saurin faɗuwa a bayan tsauni. Duk abin da wani ya gaya maka a hanya game da abin da ke gaba, ka tabbata ita ma ta ji. Na ji kana ta maganar beyar, ƙatuwar dabbar nan mai kai wa mutane hari, da maganin fesa mata. Ka ɗauka, ban hana ba, amma ni ba dabbar daji ce ta cuce mu ba.

Gangara ta fi hawa cin gwiwa, ban san haka ba sai ranar. Busassun ganyaye sun rufe saiwoyi da duwatsu masu santsi. Ruwa ya ƙare, shayi ya ƙare. Can na waiwaya ban gan ta ba. Na koma da sauri na tarar da ita zaune a kan wani kututture, ta riƙe mara da hannu biyu, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Ko a lokacin ba ta ce ta gaji ba. Cewa ta yi, "Malam, ka yi haƙuri, ina ɓata maka lokaci." Daga nan ne na fara tafiya a gefenta, tana dafe da kafaɗata, wani wurin in goya ta. Mun isa mota ana gab da Magariba, babu kowa a wurin sai mu.

Washegari da safe ciwo ya tsananta, Alhaji Issaka ya kai mu asibiti. Kafin La'asar cikin ya zube. Namiji ne, halittarsa ta cika, har da 'yan yatsu. Tunda ya haura wata huɗu, liman ya ce a yi masa suna a yi masa sutura. Na sa masa Abdullahi. Mu kaɗan muka kai shi maƙabarta, a sashen Musulmi da ke bayan gari, Alhaji Issaka ne ya riƙe shi a cikin mota.

Likita ta ce irin wannan yana faruwa ko da mace tana kwance a gado, ba za a iya cewa hawan ne ya jawo ba. Wataƙila gaskiya ta faɗa, Allah ne Masani. Amma ni na rungumi maganar nan kamar bargo. Kowa ya zo gaisuwa in ce ƙaddara ce, ita ma in ce mata ƙaddara ce, mu yi haƙuri. Ƙaddara gaskiya ce, da ita na yi imani kuma da ita zan mutu. Sai dai ba ƙaddara ce ta ce wa Mamanka "gaisuwa ce kawai" ba, bakina ne. Na ɓoye a bayan kalmar Allah don kada in ce na yi laifi. Sai da ka shiga firamare sannan wata rana na zaunar da ita na gaya mata abin da tsohuwar nan ta ce a mararraba, na roƙi gafararta. Ta ce, "Ai na gane tun a lokacin, na ga inda ta nuna da sanda. Na yafe maka tuntuni, jira nake ka faɗa." Shekarun nan duka tana dafa mini abinci tana jira. Za ka yi wa matarka laifi, Mukhtar, babu mijin da ba ya yi. In ka yi, ka faɗa da sunansa tun rana ba ta faɗi ba, kada ka bar ta da dakonsa.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne mafi nauyi a wurina. Ka san a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunyarsa take ji, sai dai ta ce "yaron nan" ko ta sa masa wani laƙabi. Matan garin nan sun sha yi wa Mamanka tsiya a wajen suna da biki, wai Amurka ta cire mata kunya, ga ta tana ƙwala maka kira "Mukhtar, Mukhtar" a gaban jama'a. Takan yi dariya ta ce zamani ne. Ba zamani ba ne. Kunyar ɗan fari tana nan, ta ba mai ita. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta har yau ban taɓa jin sunan Abdullahi a bakinta ba. Ko maƙwabcinmu mai wannan suna, "mai gidan kusurwa" take ce masa.

Ban rubuta wannan ba sai da na nemi izininta. Tana ninke muku zannuwan gado, ba ta ɗago ba, ta ce, "Gaya masa. Amma ka ce kada ya zo yana yi mini kuka a kicin, ina da aiki." Saboda haka ka kiyaye, ka san halinta.

Ban hana ku zuwa ba. Wurin yana da kyau, na ga hakan ko a ranar, kuma ina so Safiya ta ga ikon Allah a kan tsaunukan nan tare da mijin da ke kula da ita. In kun yi zagayen duka, madalla. In kun juyo daga rabi, ko daga bakin allo, ba wanda zai tambaye ka a gidan nan. Abin da nake so in ji a waya shi ne muryarta tana cewa kun sauka.

Gobe bayan La'asar zan je maƙabarta, kamar yadda nake zuwa kowace kaka ina ce muku zan duba wani aboki. In ka ga dama ka same ni a mota. Ya kamata ka yi wa yayanka sallama kafin ka bar gari.

Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya ƙarfafa ƙafafunku a hawa da gangara, Ya sa ka zama inuwa ga 'yar mutane da aka ba ka amana. Allah Ya ba ku zuriya mai albarka, Ya raya muku ita. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya haɗa mu da su a gidan aminci. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam,
Babanka